Malamin ƙwallon raga da ɗiyan ƙauye

Wanda ya san Yamai ya san Gaweye. Da can unguwar tana bakin kogin Isa, a gefen da babban gari yake. A zamanin Shugaba Seyni Kountché aka tashi mutanenta, aka gina babban otel da zauren taro a wurin. Otel ɗin ya riƙe sunan unguwar. Mutane kuwa aka ba su fili a ƙetaren kogi, a Harobanda, suka tafi can da sunan unguwarsu. Gadar Kenedi, wadda aka gama a 1970, ita ce ta haɗa tsohon mazauni da sabo.

A ƙetaren nan mutanen Gaweye suka sami babbar maƙwabciya, wato jami'ar Yamai. An kafa ta a 1971. A 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Ɗiyan manoma da na makiyaya suna zuwa karatu can daga Maraɗi, Tawa, Damagaram, Doso da sauran jahohi, maza da mata.

A manyan makarantu ba karatun littafi kaɗai ake yi ba. Akwai lokacin motsa jiki. Nan za a ga ƴan mata sun ɗaura raga suna buga ƙwallo da hannu, wani malami yana tsaye gefe da usur a wuya. Magidanci da ya zo daga ƙauye ganin ɗiyarsa yakan tsaya yana mamaki. Yakan ce: "Yanzu wannan babban mutum aikinsa ke nan? Kuma yarinya ta baro daka da ɗiban ruwa don ta zo ta yi tsalle?"

Tambayar tana bisa hanya. Ga labarin wani malami da ya yi shekara fiye da 40 yana wannan aiki. Ba ɗan Nijar ba ne, mutumin Amurka ne. Amma inda ya yi aikinsa ƙasar masara ce da shanu, kuma da yawa cikin almajiransa ɗiyan ƙauye ne. Sunansa John Cook, ana faɗinsa Jon Kuk.

Yadda wasan yake

Wani malamin motsa jiki mai suna William Morgan ya ƙago ƙwallon raga a Amurka a 1895. Filinsa tsawon mita 18 ne, faɗi mita 9. Ana kafa sanda 2, a ɗaura raga a tsakiya. Ragar mata tsayinta mita 2 da santimita 24. Ta maza mita 2 da santimita 43. Kowane gefe mutum 6 ne.

Ba a kama ƙwallo, ba a riƙe shi, ba a barinsa ya faɗi ƙasa. Kowane gefe yana da taɓi 3 kafin ya mai da shi ƙetaren raga. Ta farko ta tarbe shi. Ta biyu ta ɗaga shi sama kusa da raga. Ta uku ta yi tsalle ta doke shi da ƙarfi cikin filin abokan karawa. Gefen da ya fara kai maki 25 ya ci zagaye ɗaya. Wanda ya ci zagaye 3 shi ya ci wasa.

Ke nan komai gwanintar yarinya, ba ta cin wasan nan ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin malami shi ne ya haɗa hannu 12 su zama kamar na mutum ɗaya.

Ƙasar masara da shanu

Nebaraska jaha ce a tsakiyar Amurka, nesa da teku. Mutanenta wajen miliyan 2 ne. Shanunta wajen miliyan 6, wato kowane mutum 1 shanu 3. A gabas gonakin masara ne iyakar ganin ido. A tsakiya ta wajen arewa akwai tuddan rairayi da ciyawa ta rufe, can ake kiwo. Ƙauyuka ƙanana ne, suna nesa da juna. Babban birnin jahar sunansa Linkon, can jami'ar jahar take. Ƴan wasan jami'ar ma laƙabinsu na noma ne, ana ce musu masu ɓare masara.

A da, wasannin makarantun Amurka kusan duk na samari ne. Fili nasu, kuɗi nasu, malamai nasu. A 1972 gwamnatin ƙasar ta yi doka. Dokar ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnati ba ta da ikon fifita namiji bisa mace, ko a aji ko a filin wasa. Bayan shekara 3, a 1975, jami'ar Nebaraska ta kafa ƙungiyar ƙwallon raga ta mata.

A 1977 aka ɗauki wani malami mai suna Terry Pettit ya riƙe ƙungiyar. Lokacin masu zuwa kallo ba su da yawa. Pettit ya riƙa bin ƙananan garuruwa yana koya wa malaman lakwal yadda ake horar da ƴan mata. Sannu a hankali wasan ya shiga ƙauyuka. Sai a 1995, bayan shekara 18 yana fama, ya ci kofin ƙasa na farko.

Kofin nan ya yi kama da takobin kokowa na Nijar. Jami'o'i fiye da 300 suke nemansa kowace shekara. A ƙarshen shekara a zaɓi 64. Wadda aka kayar sau ɗaya ta fita. Haka ake yi har saura 2, su kara a wasan ƙarshe cikin watan Disamba.

Malamin da bai san wasan ba

An haifi Jon Kuk a 1956 a jahar Kalifoniya, can bakin teku. Ya yi karatun tarihi a jami'ar San Diyego, ya gama a 1979. Ya sami aikin koyarwa a wata makarantar sakandare ta garin mai suna Francis Parker. Abin da yake so shi ne ya horar da samari irin ƙwallon da Amurkawa suke yi na ture da kokowa. Amma makaranta ta ɗora masa ƴan mata da ƙwallon raga.

Bai san wasan ba. Bai tashi yana yinsa ba. Wani da sai ya ce an rena shi, ya yi aikin da rabin zuciya. Kuk ya nemi littattafai ya karanta. Ya je wurin waɗanda suka iya, ya zauna ya koya kamar ɗan aji ɗaya. Abin da ya koya yau, shi yake koyarwa gobe. Kafin ya bar makarantar, ƴan matansa sun ci kofin jahar Kalifoniya sau 2.

Labarinsa ya kai kunnen Pettit. A 1988 ya kira shi Nebaraska ya zama mataimakinsa. Kuk ya bar garin teku ya koma ƙasar sanyi da ƙanƙara. Ya yi shekara 3 ƙarƙashin Pettit. A 1992 yana cikin masu horar da ƙungiyar maza ta Amurka a wasannin Olamfik na Basalona, inda suka zo na 3. A shekarar nan kuma jami'ar Wiskonsin ta ba shi ƙungiyarta ta mata. Ya yi shekara 7 can, ya ɗaga ta har ta shiga sahun manya.

A 1999 Pettit ya ga lokacin hutunsa ya yi kusa. Bai bar ƙungiya ga wanda bai sani ba. Ya sake kiran Kuk. Shi kuwa, ko da yake shugaba ne a Wiskonsin, ya yarda ya dawo ya sake zama mataimaki shekara 1. Suka yi aiki tare, tsoho yana nuna wa magaji komai. A 2000 Pettit ya sauka, Kuk ya hau.

Shekararsa ta farko ƙungiyar ta yi wasa 34, ta ci 34. A wasan ƙarshe da wa suka gamu? Da Wiskonsin, wato ƴan matan da shi da kansa ya nemo ya horar. Aka yi zagaye 5 kafin Nebaraska ta ɗauki kofi.

Abin da malami yake yi

Aikin ba busa usur kaɗai ba ne. Da farko akwai nema. Malami yana yawo makarantu yana duba yara. In ya ga mai tsawo, mai sauri, mai jin magana, sai ya je gidansu ya zauna da iyayenta. A Amurka yarinyar da ta iya wasa jami'a takan ɗauke mata kuɗin karatu, da na ɗaki, da na abinci. Ga iyayen da ba su da hali, wannan babban abu ne.

Na biyu akwai horo. Tarba, ɗagawa, duka, tarewa a bakin raga, kowane ana maimaita shi sau dubbai. Na uku akwai tsaron karatu. Yarinyar da ta faɗi a aji doka ta hana ta shiga fili. Saboda haka malamin wasa yana bin sakamakon jarrabawarta kamar yadda uba zai bi.

Abu mafi wuya shi ne wannan: yarinya shekara 4 take wasa, ta gama karatu ta tafi. Daidai lokacin da ta gwanance, lokacin take ban kwana. Kowace shekara malami yana rasa manyansa, ya karɓi sababbi. Kamar manomi ne, girbin bara ba ya hana shi shuka bana.

Yarinyar da aka canza wa wuri

Cikin waɗanda Kuk ya nemo akwai Dani Busboom. Ɗiyar ƙauyen Cortland ce, mai mutane wajen 500, kudu da Linkon. Ta shiga jami'a a 2003. Shekara 3 tana aikin ɗaga ƙwallo. Mai ɗagawa ita ce kamar sarkin noma a gayya, ita take raba aiki, ita take zaɓen wadda za ta doka. A 2005 sun kai wasan ƙarshe, jami'ar Washinton ta kayar da su.

A 2006, shekararta ta ƙarshe, Kuk ya yanke shawara mai nauyi. Ya ba wata ƙaramar yarinya aikin ɗagawa. Dani ya mai da ta baya, wurin mai tsaron ƙasa. Mai wannan aiki rigarta dabam take da ta sauran. Ba ta dukan ƙwallo bisa raga. Aikinta ta faɗi ƙasa, ta yi rarrafe, ta tarbi dukan da ya fi kowane zafi.

Ba kowa zai haɗiye wannan ba. Babba ce, an ba ƙanwa wurinta. Tana da ikon yin fushi ta bar ƙungiya. Ta zauna, ta koyi sabon aiki. A Disamba 2006, a garin Omaha na jaharsu, gaban iyaye da dangi, suka kayar da jami'ar Stanford suka ɗauki kofi na biyu na Kuk.

A ƙungiyar nan akwai wata ɗiyar ƙauye, Jordan Larson, daga Hooper, garin da mutanensa ba su kai 1,000 ba. Bayan ta gama karatu ta shiga ƙungiyar ƙasa. Ta je wasannin Olamfik sau 4, a 2012, 2016, 2021 da 2024, kowane zuwa ta dawo da lamba. A Tokiyo a 2021 ita ce shugabar ƴan wasa, kuma ita ta doki ƙwallon ƙarshe da ya ba matan Amurka zinariyarsu ta farko a wannan wasa.

Shekarun fari

Kada a ce kullum nasara ce. Daga 2009 zuwa 2014, shekara 6 a jere, Nebaraska ba ta shiga cikin 4 na ƙarshe ba ko sau ɗaya. A zamanin nan jami'ar Penn State ce ta riƙe wasan, ƙarƙashin wani tsohon malami mai suna Russ Rose. Ta ci kofi 6 tsakanin 2007 da 2014.

Kuk bai gudu ba, jami'a kuma ba ta kore shi ba. Mutanen jahar ma ba su daina zuwa ba. Tun daga 2001 duk wasan da aka yi a gida sai tikiti ya ƙare. A 2013 aka koma babban zaure mai ɗaukar mutum wajen 8,000, shi ma ya riƙa cika. Cikin shekarun nan ɗiyarsa ta cikinsa, Lauren, ta yi wasa ƙarƙashinsa daga 2010 zuwa 2012. Abin da ya roƙi iyayen wasu su yarda da shi, ya yarda da shi ga tasa ɗiya.

A 2012 ya kira Dani Busboom ta dawo ta zama mataimakiyarsa. Mahaƙurci mawadaci. A 2015 suka kayar da Tekzas suka ɗauki kofi. A 2017 Kuk ya ƙara ɗaukar wani, bayan sun kayar da Fulorida. Kofinsa 4 ke nan. Ya kuma sha kaye a wasan ƙarshe sau 4, a 2005, 2018, 2021 da 2023.

Ranar mutum 92,003

Ranar 30 ga Agusta 2023 aka yi abin da ba a taɓa gani ba. Aka shimfiɗa filin ƙwallon raga a tsakiyar babban filin wasan samari na jami'a, a sarari. Jami'a ta ba ɗalibai hutun ranar. Mutane suka taso daga gonaki da garuruwan kiwo, wasu tafiyar sa'o'i da yawa a mota, da ƴaƴansu mata. Aka ƙidaya mutum 92,003. Ko an cika filin wasa na Seyni Kountché na Yamai maƙil, sai dubbai da yawa sun rage a waje.

A ranar, taron ya wuce mutum 91,648 da suka kalli ƙwallon ƙafa na mata a Basalona a 2022, wanda shi ne aka rubuta a matsayin mafi girma kafin nan. Nebaraska ta ci Omaha zagaye 3 ba ko ɗaya. Shekara 48 ke nan daga ranar da aka kafa ƙungiyar.

Doki da magajiya

Da tsufa ya zo, zama cikin makiyaya ya kama Kuk. Ɗan bakin teku ya koyi hawan doki da jifan saniya da igiya, makiyayan jahar suna koya masa. Ya sake zama almajiri yana da shekara fiye da 60. A 2024, da jami'a ta sabunta takardar aikinsa, har kuɗin sayen dokin aikin shanu aka sa masa a ciki.

Wasansa na ƙarshe bai yi daɗi ba. A Disamba 2024, a wasan kusa da na ƙarshe, ƴan matansa sun ci Penn State zagaye 2. Saura 1 su wuce. Sai Penn State ta farfaɗo ta ci 3 a jere. Mai horar da Penn State a lokacin mace ce, Katie Schumacher-Cawley, tana aikin tana shan maganin ciwon daji. Bayan kwana 3 ta ɗauki kofi. Ita ce mace ta farko da ta ci wannan kofi tana shugabar masu horarwa. Wadda ta kayar a wasan ƙarshe ita ma mace ce: Dani Busboom Kelly, wadda tun 2017 ta tafi ta riƙe ƙungiyar jami'ar Louisville.

Ranar 29 ga Janairu 2025 Kuk ya ajiye aiki yana da shekara 68. Cikin shekara 25 a Nebaraska ya ci wasa 722, an ci shi 103. A ranar jami'a ta faɗi wadda za ta gaje shi. Dani ce, yarinyar Cortland da ya taɓa mayarwa baya. Daga baya aka sa wa zauren wasan sunan Jon Kuk.

A duba lissafin nan. Daga 1977 zuwa 2024 malamai 2 kaɗai suka riƙe ƙungiyar. Na farko ya koya wa na biyu. Na biyu ya koya wa ta uku tun tana yarinya.

A nan Afirka

Wasan nan ba na Turawa kaɗai ba ne. Matan Kenya sun ci kofin Afirka sau da yawa, sun je Olamfik a 2000, 2004, 2021 da 2024. Da yawa cikinsu a makarantun kwana na karkara suka fara, hannun malaman lakwal. Matan Kamaru sun ci kofin Afirka a 2017, 2019 da 2021.

Iyaye da yawa abin da ke damunsu shi ne sutura da cuɗanya. A wannan wasa raga tana tsakani, ba ture, ba riƙe juna. Mata da mata suke karawa. Sutura kuma ba ta hana shi. A Olamfik na 2016 a Barazil, wata Bamisriya mai suna Doaa Elghobashy ta yi irin wanda ake yi bisa rairayi da dogon wando, da riga mai dogon hannu, da kanta a rufe.

Kayan aikinsa ba su da yawa: fili mai laushi, sanda 2, raga 1, ƙwallo 1. Rairayi ba ya wuya a Nijar. Saƙar raga kuwa masuntan bakin Isa sun san ta. A Yamai akwai makarantar gwamnati ta matasa da wasanni, wadda ake kira INJS, inda ake horar da malaman motsa jiki, a rarraba su makarantun jahohi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malamin da zai zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, da hukumar da za ta bar shi ya zauna ko an yi shekarar da ba a ci komai ba, da iyayen da za su bar yarinya ta gama karatunta.

Magidancin da ya ƙetare gadar Kenedi ya zo Harobanda ganin ɗiyarsa, in ya tarar tana fili, kada ya juya da fushi. Ya tsaya ya kalli zagaye ɗaya. Ya duba wace ce take tarba, wace ce take ɗagawa, wace ce take duka. In an tashi, ya je ya gaisa da mai usur, ya tambaye shi yadda yarinyar take a fili, ya kuma tambaye shi yadda take a aji.